Hedifon Tukuna, Sannan Amfilifaya

Duk wanda ya kuduri niyyar haɗa kayan sauti masu kyau a ɗakinsa, da wuya idonsa bai fara faɗawa kan amfilifaya ba. Ita ce mai nauyi da ƙyalli, ita baƙo zai gani ya yi tambaya. Hedifon kuwa sai a ɗauke shi kamar cikon ciniki, abin da za a saya da canjin da ya rage. A ganina an juya lissafin. In dai a kunne za a yi sauraro, kaso mafi tsoka na kuɗi da na tunani hedifon ya kamata ya ci, ita kuma amfilifaya a zaɓe ta daga baya, kamar yadda ake ɗinka kube daidai da wuƙa.

Dalilin yana cikin aikin da kowannensu ke yi. Amfilifaya wutar lantarki take karɓa ta ƙara mata ƙarfi ta miƙa gaba, aikin da injiniyoyi suka daɗe da ƙwarewa a kansa, har ta kai kuskuren mai matsakaicin kuɗi ma ya yi ƙanƙantar da kunne ba ya kama shi. Shi kuwa hedifon aikinsa ya juya wutar ta zama motsin iska, ta hanyar wata 'yar fata mai rawa a gefen kunne, kuma a nan bambanci ke fitowa fili. Wani ya kumbura amon ganga har ya danne muryar mawaƙi, wani ya kaifafa ƙarar kuge har ta riƙa sukar kunne. Saka waƙar Mamman Shata a hedifon biyu mabambanta, ko yaro zai ce maka kalangun ya sauya. Saka ta a amfilifaya biyu masu lafiya, ka daidaita ƙararsu, ka rufe su da zane, aikin ya zama na canki-canka. An gwada hakan: a 1987 mujallar Stereo Review ta Amurka ta buga sakamakon wani gwaji da aka ɓoye wa masu sauraro na'urar da ke aiki, suka kasa rarrabe amfilifaya mai araha da mai tsadar gaske fiye da abin da dace zai iya bayarwa.

To sai dai wannan ba ya nufin kowace amfilifaya ta dace da kowane hedifon. Akwai lambobi biyu a jikin kwali da suka cancanci a tsaya a kansu. Ta farko ita ce turjiyar hedifon ga wutar da ke shigarsa, wadda ake aunawa da om. Ƙananan iyafis na waya sukan tsaya tsakanin om 16 zuwa 32. Sennheiser HD 600, wanda ya fito a 1997 kuma har yau ake sayar da shi, om 300 ne, Beyerdynamic DT 770 Pro kuwa ana yin sa iri-iri, akwai mai 32, mai 80, da mai 250. Na'urar da ke fitar da bolt ɗaya za ta tura kusan miliwat 31 cikin mai om 32, amma uku da ɗoriya kacal za ta iya turawa cikin mai om 300. Shi ya sa mutum zai sayi hedifon mai tsada, ya soka a waya, ya ƙure ƙara, ya ji sauti kamar daga cikin rijiya, ya ce an cuce shi. Ba a cuce shi ba, ƙarfin wutar ne bai kai ba. Lamba ta biyu ita ce yawan ƙarar da hedifon ke bayarwa da 'yar wuta kaɗan, wadda ake rubutawa da dasibel, kuma sau da yawa ita ce ta fi faɗin gaskiya. HiFiMan HE-6 om 50 ne kawai, amma ya yi suna wajen cin wuta, har wasu ke haɗa shi da amfilifayar lasifika.

Akwai kuma lamba ta uku da masu sayarwa ba su cika ambata ba, wato turjiyar ramin da ake soka hedifon ɗin. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na turjiyar hedifon, wato mai om 32 yana son ramin da bai haura om 4 ba. Tsofaffin manyan amfilifayoyin lasifika da yawa, irin waɗanda ake samu a kayan gwanjo, ba su da wani sashe na musamman don hedifon; wutar lasifika ake ragewa da abin tare wuta, sai turjiyar ramin ta kai om ɗari ko fiye. Idan ta kai 120 aka soka mai om 32, kusan kashi ɗaya cikin biyar na wutar ne ke isa gare shi, kuma amon ƙasa kan yi taushi ya baje. Abin mamaki, irin wannan rami ya fi shiri da mai om 250 ko 300. Saboda haka wanda ya riga ya mallaki tsohuwar amfilifaya a falo, ya fara gwada ta da hedifon mai babbar turjiya kafin ya kashe ko sisi.

Masu ƙaunar amfilifaya mai kwan fitila za su ce su dai kunnensu na jin ɗumi da zaƙin da babu a sauran. Ban ƙaryata su ba. Amma abin da suke ji yana da suna: galibin waɗannan na'urori turjiyar raminsu babba ce, ga HD 600 kuma turjiyarsa na hawa sama da om 500 a wajen amon ƙasa, sai haɗuwar biyun ta ƙara wa wannan sashe kauri, ban da 'yar gurɓatar sauti mai daɗin ji da kwan ke sakawa. Yaji ne aka barbaɗa, kuma ba laifi mutum ya so yaji, muddin ya san kuɗin yaji yake biya. Wasu kuma za su kawo hedifon Stax na Japan, wanda ba ya motsi sai da tasa na'urar mai ba shi bolt 580. Wannan ma ai hujjata ce, domin hedifon ne ya yanke hukuncin abin da za a saya masa.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne a ce to, ashe sai a sayi hedifon mafi tsada a huta. Nan ma a'a. A 2017 wani mai bincike, Jeroen Breebaart, ya duba awon hedifon 283 ya tarar kusan babu alaƙa tsakanin farashi da yadda suke fitar da sassan sauti. Abin da ya rage shi ne gwaji da kunnenka, da waƙa ko karatun da ka haddace kowane numfashinsa, kuma ka bar shi a kai na tsawon rabin sa'a, tun da wanda ya matse kai ko ya jiƙa kunne da gumi a zafin Afrilu ƙarshensa ƙusa ce a bango. Ka duba ɗakinka ma. Hedifon mai buɗaɗɗen baya, irin da Sennheiser ta fara fitarwa a 1968 da HD 414, yana ba sauti sarari, amma ƙarar janareton maƙwabci za ta shigo ta cikinsa, na kusa da kai kuma zai ji abin da kake ji. Mai rufaffen baya ya fi tare hayaniya, ya kuma fi zafi. Wannan zaɓi har lafiya ya shafa, domin mai kokawa da hayaniya ƙara yake ɗagawa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar babban mutum a dasibel 80 na sa'o'i 40 a mako.

In bayan duk wannan lissafi ya nuna ana bukatar amfilifaya, ƙarama mai ramin da bai kai om biyu ba, mai fitar da bolt biyu zuwa huɗu, za ta ɗauki mafi yawan hedifon da ke kasuwa. In ta gwanjo ce, a juya bayanta a karanta rubutun da ke kusa da wayar wuta kafin a biya. Kayan da aka yi wa kasuwar Japan bolt 100 suke ci, na Amurka 120, wutarmu kuwa 230 ce, kuma in ba a sa taransifoma mai rage wuta a tsakani ba, soka ta a bango sau ɗaya ya isa a ji ƙauri.