3.2 Tsargiya da Zaruruwan Ƙwayar Halitta a Bangon Mafitsara

A ƙasar Haɗeja, musamman garuruwan fadama irin su Guri da Kirikasamma, tsargiya ba baƙuwar cuta ba ce, har wasu kan ɗauki fitsarin jini a matsayin alamar balaga, wanda kuwa kuskure ne babba. Tsutsar tana fitowa daga jikin dodon-koɗi ta huda fatar mai wanka ko masunci. Abin da ya shafi wannan nazari shi ne inda ƙwanta ke maƙalewa, wato bangon mafitsara.

Shi wannan bango shimfiɗe yake da ƙwayoyin halitta manne da juna. Kowace ƙwaya tana da zaruruwan furotin da ke riƙe da siffarta, kamar yadda azara ke riƙe rufin soro. Daga cikinsu akwai aktin da keratin. Idan ƙwan tsutsa ya shekara da shekaru yana yi wa bangon miki, sai shimfiɗar ta rikiɗe ta yi kauri, keratin ya yawaita tamkar na fata. A nan ne sankara kan samu gindin zama. A shekarar 1994 hukumar binciken sankara ta duniya da ke Faransa ta sanya wannan tsutsa cikin tabbatattun abubuwan da ke haddasa cutar.

Mataki mafi haɗari yana zuwa ne daga baya. Ƙwayar sankara kan rage furotin ɗin da ke manne ta da maƙwabtanta, ta sake jera aktin ya zamo mata kamar ƙafafu, sannan ta kutsa cikin tsokar mafitsara. Idan an kai nan, maganin kashe tsutsa ba ya wadatarwa. Sau da yawa sai an cire mafitsarar ɗungurungum.