Ƙaiƙayin da Ya Ƙi Bin Iska

Wanda ya taɓa tsayawa a masussuka ya san aikin iska. Mace ta ɗaga ƙwarya tana sheƙa, tsaba ta zubo ƙasa, ƙaiƙayi ya yi gaba. Irin wannan sheƙar ake yi dare da rana a cikin 'yan ƙululun nan na wuya da hammata da matsematsi, waɗanda in sun kumbura muke cewa kaluluwa. A can jiki ke tace ƙwayoyin garkuwa da likitoci ke kira B. Wadda ta iya gane cuta a bar ta, wadda ta kasa ta mutu, kuma masu mutuwar sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Sankarar da ake kira folikula limfoma lalacewar wannan sheƙa ce. A wajen kashi 85 cikin 100 na masu ita, wani yanki na kromosom na 18 yakan ɓalle ya manne da na 14. A kan yankin akwai BCL2, mai hana ƙwaya mutuwa, sai ya faɗa gefen wani makunni da ba ya hutawa, ya zauna kullum a kunne. Shi ke nan, ƙaiƙayi ya yi nauyi, iska ta kasa ɗaukarsa. Ba saurin hayayyafa ne matsalar ba, ƙin tafiya ne. Da kaɗan-kaɗan rumbu ke cika.

Shi ya sa take ruɗi. Mai ita galibi ya kai shekara 60, ƙulun ba ya zafi, yau ya taso, bayan watanni ya lafa. Kafin a farga sau da yawa ta isa ɓargo. In an yanki ƙulun an duba da madubin likita, sai a ga dunƙule-dunƙule a matse da juna kamar curin fura a faifai.

Abin da ya fi yi wa iyali wuya shi ne likita ya ce a jira tukuna. Ina ganin da gaskiyarsa: in ba ta takura ba, gaggawar magani ba ta ƙara kwana, kuma akwai maganin rituximab tun 1997 in lokaci ya yi. Amma jiran na mai gadin rumbu ne, ido biyu, domin kowace shekara mutum 2 zuwa 3 cikin 100 tasu kan rikiɗe ta koma mai sauri. Ƙulu ya girma farat ɗaya, ko rama, ko gumin dare mai jiƙa shimfiɗa, to a koma asibiti a sake yankar nama a duba.