Sasancin Rikicin Ƙwallo: Yarda Ce Ko Tilas?

KADUNA — Kowane ɗan kasuwa a Sabon Tasha ko Kafanchan ya san yadda ake sasanta rikicin ciniki: ɓangarorin biyu su amince da mai shiga tsakani, kana su karɓi hukuncinsa. A harkar ƙwallon ƙafa lamarin ya sha bamban. Duk attajirin da ya yi wa kulob rajista ya riga ya ɗaure kansa da dokokin FIFA, waɗanda suka hana kai ƙara kotunan ƙasa, suka kuma miƙa hukuncin ƙarshe ga kotun sasanta rikicin wasanni ta CAS, wadda aka kafa a birnin Lozan na ƙasar Suwizalan a 1984.

Misali mafi kusa da mu yana Jos. Chris Giwa, mai kulob ɗin Giwa FC, ya yi iƙirarin shi aka zaɓa shugaban hukumar NFF a watan Agustan 2014, alhali FIFA ta amince ne da zaɓen Amaju Pinnick da aka yi a Warri a watan Satumba. Giwa ya garzaya Babbar Kotun Tarayya ta Jos, daga bisani aka dakatar da shi shekara biyar. Da Kotun Ƙoli ta mayar da shari'ar Jos a 2018, FIFA ta ba Nijeriya wa'adin 20 ga Agusta ko ta kore ta daga wasanni, sai gwamnati ta tsaya ga Pinnick. Ko wane ne mai gaskiya, barazana ce ta raba gardamar.

Ga kuma tsada. Kuɗin shigar da ƙara a CAS faran 1,000 ne na Suwizalan, ban da na lauya. Sai da Samson Siasia ya nemi gudummawar jama'a kafin kotun ta rage masa haramcin rai-da-rai zuwa shekara biyar a 2021.

Masu kare tsarin na cewa wasa ɗaya na bukatar doka ɗaya a duniya, kuma hujjar tana da ƙarfi. Sai dai a 2018, cikin shari'ar 'yar wasan Jamus Claudia Pechstein, Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce amincewarta da CAS ta tilas ce, tun da ƙin sa hannu na nufin barin sana'a. A watan Agustan 2025 Kotun Tarayyar Turai ta ba kotunan ƙasashenta damar duba hukuncin CAS. Wannan sassauci bai shafi mai kulob a Kaduna ba: in ya sha kaye a Lozan, Kotun Tarayya ta Suwizalan kaɗai ta rage masa, ita ma bisa 'yan dalilai ƙalilan.