Bas Mai Layi da Keke Mai Shiga Lungu: Wanne Ya Dace da Lokuwa?

Mazaunin unguwar Lokuwa a garin Mubi idan zai je babbar kasuwa, ko asibiti, ko wata unguwa a hayin kogin Yedzaram, bakin titi yake fitowa ya tsayar da keke. Ba shi ya zaɓi keken ba. A shekarun rikicin Boko Haram ne hukuma ta hana hawa babur a manyan garuruwan Adamawa saboda tsaro, Mubi kuwa ta ga abin da ya fi haka, domin a ranar 29 ga Oktoban 2014 garin ya faɗa hannun 'yan bindiga, sai a watan Nuwamba aka ƙwato shi. Da jama'a suka dawo gidajensu, Keke Napep ya ci gaba da riƙe zirga-zirgar gari. Ɗan acaɓan da ya samu mai tsaya masa ya koma tuƙin keke, wanda bai samu ba ya nemi wata sana'a. Masu jigila sun canza, kuɗin tafiya ya canza, kuma babu wanda ya tambayi fasinja.

Kano ma haka ta yi. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo kekunan A Daidaita Sahu a 2005 don mata su huta da hawa bayan babur. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa, sai keken da aka kawo domin mata ya zama abin hawan kowa, ya kuma ture ƙananan bas-bas ɗin da suka daɗe suna bin layukan birni.

Tun da man fetur ya yi tsada ake ta maimaita cewa bas ce mafita, a kawo manyan motoci a rage kekuna. Maganar tana da hujja, amma kafin a amince da ita ya kamata a auna abin da kowannensu ke yi wa mutumin da gidansa yake gefen gari.

Keke ba shi da layi, don haka babu wanda zai canza masa layi. Wannan ne babban alherinsa. Yana shiga hanyar da ba ta da kwalta, yana kai tsohuwa ƙofar gida, yana ɗaukar buhun masara tare da mai shi. Mai naƙuda da tsakar dare ba tasha za a kai ta ba, lambar wani direba na unguwa za a kira. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ko na Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002, yana kama ɗaki inda aljihunsa ya kai shi, ya san keke zai same shi a can. Ban da wannan, sana'ar ta riƙe matasa da yawa a garin da ayyukan albashi ba su wadata ba, kuma bayan kowane direba akwai bakanike da mai faci da mai sayar da kayan gyara.

Sai dai fasinja yana biyan wannan sauƙin da tsada. Keke mutum uku yake ɗauka a baya, a matsa ɗaya kusa da direba. Daga kuɗin waɗannan huɗun za a sayi mai, a biya tikitin ƙungiya, a cire balas ɗin mai keke, domin yawancin direbobi keken ba nasu ba ne, sannan a kai cefane gida. Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Direba ba shi da inda zai sauke wannan nauyi sai kan mutum huɗu. Wanda ya fi jin jiki shi ne na nesa, don direba ya san idan ya kai shi ƙarshen unguwa zai iya dawowa babu kowa, sai ya ce sai dai shata. Kuɗin kuma ba a rubuce yake ba: na safe daban, na bayan magariba daban, na ranar ruwan sama daban. Garin da ya dogara da keke kaɗai yana da wata fargabar. A Janairun 2022 direbobin A Daidaita Sahu sun yi yajin aiki a Kano kan kuɗin sabunta rajista da hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA ta sa, aka wayi gari 'yan makaranta da 'yan kasuwa suna takawa a ƙasa kwana da kwanaki.

Lissafin bas a fili yake. Direba ɗaya da inji ɗaya suna jan mutum 18, ko sama da 50 idan babba ce, kuɗin mai ya rarrabu a kan kowa. A doguwar tafiya keke ba zai taɓa kamo ta a araha ba. Da wannan lissafin ne gwamnatin Ahmadu Umaru Fintiri ta sayo manyan bas 10 daga kamfanin Innoson a 2023 don rage wa jama'a raɗaɗin tsadar mai, ko da yake mota 10 a jiha mai ƙananan hukumomi 21 somin taɓi ne kawai.

Amma arahar bas tana da sharaɗi, kuma a nan ne muke yawan faɗuwa. Bas tana amfani ne idan mutum zai iya gina rayuwarsa a kanta. Mai koko ta san ƙarfe nawa motar farko ke wucewa, ta tashi daidai da haka. Malamin firamare ya karɓi aiki a Digil ko Vimtim da ke wajen gari don ya san akwai abin da zai kai shi ya dawo da shi. Magidanci ya sa yaransa a makarantar da ke kan layi. To idan bayan wata shida aka ce an ba wani sabon ɗan kwangila layin, shi kuma ya ga ƙarshen layin ba ya kawo kuɗi ya datse shi, ko gwamnati ta sauka wadda ta hau ta jingine motocin a gareji, duk waɗannan mutane an bar su a rana. Kullum wutsiyar layi ake fara yankewa, can kuwa talaka yake zaune, don can haya ke da sauƙi. Ƙari a kan haka, bas ɗinmu ba da agogo take tashi ba, sai lodi ya cika. Wanda yake jira a tsakiyar hanya sai ya ga ta wuce shi maƙil.

Abin da ya faru a Kano a ƙarshen 2022 ya isa darasi. Gwamnatin Ganduje ta kawo bas 100 da tasi 50 da sunan sufurin Kanawa, ta kuma sanar da hana A Daidaita Sahu bin wasu manyan tituna daga 30 ga Nuwamba, ciki har da hanyar Gezawa da ta Tal'udu zuwa Gwarzo. Waɗannan hanyoyi ne da ke ɗauke da mutanen bayan gari. Motocin ba su wadatar ba, jama'a suka yi cirko-cirko a bakin titi, kafin mako ya zagayo aka janye dokar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da an bar bas ɗin ta yi wata uku tana gogayya da keke, mutane suka saba da lokutanta suka ga arahar da idonsu, da sun hau ta ba tare da an kore musu kowa ba.

Akwai inda aka raba layi da mai tuƙa shi, aka kuma ga amfanin hakan. A Landan hukumar sufurin birni ce ke tsara hanya da lamba da kuɗin mota, kamfanoni kuma su yi takarar kwangila ta 'yan shekaru. Kamfani na iya canzawa fasinja bai ma lura ba, don jar motarsa mai lamba kaza tana nan tana tsayawa inda ta saba. A Legas, da aka buɗe layin manyan bas na BRT daga Mile 12 zuwa CMS a Maris ɗin 2008, ƙungiyar haɗin gwiwa ta 'yan ƙungiyar direbobi ta NURTW aka fara ba wa aikin, wato waɗanda ake tsoron za su yaƙi tsarin su aka sa a ciki. A 2015 aka tsawaita layin zuwa Ikorodu, kamfanin Primero ya shigo. Mai tuƙi ya canza, hanyar tana nan.

Mubi ba Legas ba ce, kuma yawancin tafiye-tafiyen cikinta gajeru ne. A irin wannan tafiya ina ganin keke ya fi, kuma duk wanda ya ce a kore shi daga lungunan Lokuwa ko Kolere ko Sabon Layi bai taɓa rakiyar mara lafiya cikin damina ba. Inda nake goyon bayan bas shi ne dogayen hanyoyi biyu ko uku da kowa ya san suna cika: tsakanin manyan makarantu da kasuwa, hanyar Gella, da ranakun da kasuwar shanu ke jawo baƙi daga nesa har da Kamaru. Ba sai doguwar mota ba, mai kujera 18 ta isa. Ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da ta Kudu su zauna tare da masu unguwanni da ƙungiyoyin direbobi su rubuta layin, da wuraren tsayawa, da kuɗi, da lokacin motar farko da ta ƙarshe, a kafe a allo a kowace tasha. Direbobin keke da ke bin hanyar a yanzu su za a fara ba wa damar haɗa kai su karɓi motocin. Duk wanda ya karɓa daga baya kuma da sharaɗin ba zai datse ko tsayawa ɗaya ba, sai an sanar a masallatai da coci-coci da rediyo aƙalla wata guda kafin ranar, an kuma saurari mutanen da ke ƙarshen layin.