Aska Ɗaya, Kai Ɗaya: Jagora ga Mai Koyon Aski

Ya kai ɗan'uwa mai kasuwanci a Gadarif, aski tsohuwar sana'a ce da kakanninmu suka taho da ita cikin zabira tun daga ƙasar Hausa, a kan hanyarsu ta zuwa Makka. Har yau wanzami yana da daraja a cikinmu. Amma idan kakar riɗi da dawa ta kama, gari ya cika da 'yan ƙwadago da fatake masu shigowa ta Gallabat daga Habasha, aska guda tana iya bin kawuna da dama kafin azahar. Saboda haka, ko kana son koyon yi wa kanka gyaran fuska, ko kana koyon sana'ar, ka fara da sanin abin da ke iya ɓuya a bakin aska.

Haɗarin da ido ba ya gani

Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa cikin busasshen jini a jikin ƙarfe har kwana 7 ko fiye. Jinin da bai kai ɗigo ba ya isa ya ɗauke ta daga wani zuwa wani, kuma mai ɗauke da ita yakan yi shekaru da ƙarfinsa bai sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da ita. Ta wannan hanya kuma ciwon hanta nau'in C da cuta mai karya garkuwar jiki suke iya wucewa, makero kuwa yakan bi aska daga kan yaro zuwa kan yaro. Goge aska a tafin hannu, ko gilma ta a harshen ashana, ba ya kashe waɗannan ƙwayoyi.

Zaɓen aska

Askar da ta fi dacewa da mai koyo ita ce mai naɗewa wadda ake sa wa reza a cire. Ka buɗe sabuwar reza daga takardarta ga kowane mutum. In kuwa askar gado ce ta ƙarfe, to ka wanke ta da sabulu, ka tafasa ta minti 20 ana ƙirgawa daga lokacin da ruwan ya fara tafasa, ka bar ta ta bushe. Ka wasa ta sosai kafin wanki, domin dakusasshiyar aska ta fi yanka mutum: tana tirjewa, sai hannu ya ƙara ƙarfi.

Yadda za ka fara

Ka wanke hannu da sabulu, ka zauna inda akwai haske, nesa da turereniyar kasuwa da guje-gujen yara. Ka jiƙa gashin da ruwan ɗumi na minti biyu ko uku, sannan ka shafa kumfar sabulu. Kafin ka taɓa fata, ka gwada hannunka a bayan ƙwarya da aka shafa wa kumfa, har ka iya kwashe kumfar ba tare da ka karce ƙwaryar ba.

Ka kwantar da askar, tsakanin bayanta da fata kada ya wuce kaurin bayan askar sau biyu. In ka miƙar da ita tsaye za ta kankare fata. Da yatsun ɗaya hannun ka ja fatar ta miƙe, ka riƙa sharewa gajere-gajere, kana bin inda gashi ya kwanta. Kada ka danna, kada kuma ka ja askar a tsawon bakinta kamar mai yanka nama, domin nan ne rauni yake.

Makon farko ka tsaya a kunci, wurin saje, inda fata take shimfiɗe. Haɓa da ƙarƙashin hanci da maƙogwaro sai hannu ya faɗa. Ka kewaye ƙurji da tabo. An ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi; a nan ne gajiya da gaggawa suke haɗuwa, sai ka ƙara natsuwa.

In ka yanke

Ka wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, ka danne da tsumma mai tsabta har jinin ya tsaya. Kada ka sa ƙasa ko toka ko garin gahawa. Ƙasa tana ɗauke da ƙwayar cutar sarƙewar haƙora. Tsohuwar reza kuwa ka jefa ta cikin gwangwani mai murfi, in ya cika ka binne, kada yara su tsinta.

Gare ki, uwar gida

Askin suna yana zuwa ne a rana ta 7, alhali rigakafin yara mai haɗe da na ciwon hanta ana yin sa a mako na 6 da na 10 da na 14. Jaririn da ya kamu, kusan tara cikin goma cutar takan zauna musu har girma. Don haka ki tanadi sabuwar reza tun kafin ranar, a buɗe ta a gabanki. Haka nan wajen kaciya da ƙaho. Wanzamin kirki ba zai ji haushi ba. Ki kuma tambayi ma'aikatan lafiya allurar ciwon hanta da ake so a yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa.

Duk wanda ya ga idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi duhu, ga kasala, ya je cibiyar lafiya mafi kusa ko Asibitin Koyarwa na Gadarif a gwada jininsa. Kai ma mai aska, ka yi gwajin, ka karɓi rigakafi, domin yatsunka ne suka fi kusa da bakinta.

Kuɗin sabuwar reza bai kai na kofin shayi ba. Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya.