SANA'A CIKIN GIDA: ABIN DA DOKA TA YARDA DA ABIN DA TA HANA

Yanzu da anka gama girbi, anka kai damma rumbu, mutane da yawa na Tsibiri da Jiratawa za su shigo Maraɗi cin rani. Wani za shi kama ɗaki ga Sabon Gari shi aza tebur bakin ƙofa. Wani ya saida wake, shina son sayen injin niƙa. Mata kuwa ba su taɓa zama haka nan ba: fura, ƙosai, man gujiya, ƙuli-ƙuli, duk daga cikin gida suke fitowa. Tambayar da ake yawan aiko muna ita ce: shin mutum ba shi da ikon yin abin da ya ga dama cikin gidanshi?

Amsa ita ce shina da iko, amma ikon na da iyaka. Wanda bai san iyakar ba kan zuba kuɗin amfanin gonar shekara guda cikin sana'a, wata rana a zo a rufe mishi.

Yadda anka yanka garin

Tsohon garin Maraɗi cikin kwarin gulbi yake. Shekarar 1945 ruwa ya ci shi, sai anka tashi mutane anka maida su bisa tudu. Nan ne anka ja tituna miƙaƙƙu, anka yanka filaye kare-kare. Sabon Gari da unguwannin da sunka biyo baya duk haka anka shata su. Wannan aiki shi ake kira lotisma. Lokacin ƙidayar 1977 mutanen Maraɗi ba su kai 50.000 ba. Ga ƙidayar 2012 sun wuce 267.000. Shi ya sa lotisma ke ta cin gonaki, ta wajen Tsibiri da ta wajen Jiratawa.

Sa'ad da ake lotisma, tun bisa taswira ake faɗin amfanin kowane wuri. Nan gidajen kwana, nan kasuwa, nan lakwal da likita, can kuma wajen masana'antu. Akwai filin da ake bari fanko don bukatar jama'a ta gaba. Dokar tsarin birane da ke aiki ita ce mai lamba 2017-20 ta ran 12 ga watan Afrilu 2017. Wanda ya sayi fili daga ma'aikatar magajin gari akan ba shi takarda mai suna "acte de cession". Ku ɗauko taku, ku sa ɗan lakwal shi karanta muku. Mafi yawansu na gidan zama ne. Ma'ana, ba a ba ka filin don ka gina masana'anta ba.

Wannan ba sabon abu ba ne da Nasara ya kawo. Kakanninmu ba su aza majema tsakiyar gari, saboda wari. Marina na da wurinta, mahauta na da tata. Abin da ya sake shi ne yanzu an rubuta, kuma akwai tara.

Sana'ar da ba ta da gardama

Matar da ke dama fura cikin gidanta, ko tela mai keke guda cikin zaure, ko mai saida gishiri da magi da ashana ta taga, ba wanda za shi ce musu sun saɓa wa tsarin unguwa. Gidan na nan gidan kwana, sana'ar ba ta damun kowa. Abin da ke kansu shi ne tsabta da haraji, za mu zo kansu. Ni ina ganin sana'o'in nan na mata su ne ginshiƙin gidaje da yawa na Maraɗi, ko da yake ba su cikin littafin kowace ma'aikata.

Magana na tashi ne in sana'a ta fara fidda ƙara, ko hayaƙi, ko wari, ko ruwan datti, ko ta zama abin tsoron gobara.

Aji uku

Akwai wata tsohuwar doka da mutane ba su sani ba, mai lamba 66-33 ta ran 24 ga watan Mayu 1966, da dokar zartaswa da ta biyo ta cikin 1976. Tana magana bisa wuraren aiki masu hatsari, da masu ɓata lafiya, da masu takura wa maƙwabta. Ta kasa su aji uku.

Aji na ɗaya, tilas su yi nisa da gidajen mutane. Ba lallashi cikin wannan. Aji na biyu, ana iya barin su kusa da gidaje, amma sai an ba da izini, kuma sai mai wurin ya yi abin da anka shardanta mishi don kare maƙwabta. Aji na uku su ne masu sauƙi: mutum shi je shi sanar da hukuma, shi bi ƙa'idodin da za a faɗa mishi. Ajin da sana'a ke faɗawa ya danganta ga irin aikin, da girman injin, da yawan kayan da ake ajiyewa. Don haka kada ka yanke wa kanka hukunci. Kafin ka biya kuɗin inji, ka je ma'aikatar magajin gari ta yankinka ka faɗi abin da kake nufi. Birnin Maraɗi yanki uku ne, kowane da ofishinshi. Tsibiri kwamin ce ta kanta cikin gundumar Gidan Rumji, Jiratawa kuma cikin gundumar Madarunfa. Cikin watan Afrilu 2024 anka rushe majalisun kwamin, anka naɗa wakilan gwamnati su riƙe su, amma ofisoshin da ke karɓar irin wannan magana ba su tashi ba.

Mu ɗauki injin niƙa, tunda shi mutane sunka fi so. Mutum ya kafa shi jikin katangar da ya haɗa da maƙwabci. Katangar laka ce. Inji na girgiza tun asuba har bayan isha'i. Wata shida sai bango ya tsage, damina ta zo ruwa ya shiga tsagar. Hayaƙin gazuwal kuma na shiga ɗakin da jinjiri ke kwana. Maƙwabci za shi fara kai ƙara wurin mai unguwa. In ba a shirya ba, magana ta kai ofis, can kuwa abin da za a fara tambaya shi ne takardar izini. Wanda ba shi da ita ya faɗi tun ba a saurare shi ba. Da ya zuba wa injin gindi na siminti daban, nesa da katanga, ya ɗaga bututun hayaƙi sama da rufi, ya yi magana da maƙwabta bisa lokacin tashi da na tsayawa, da kuɗin da ya kashe bai kai na tara da na gyaran bango ba. Haka zancen yake ga mai walda, da mai gareji, da mai gashin burodi.

Abu biyu da ba su kwana da mutane

Na farko shi ne isansi. Kowa ya san ƴan ruwa-ruwa, kowa ya san inda jarkoki ke kwana: cikin zaure, ko ɗakin da ke daura da madafa. Isansi ba sai wuta ta taɓa shi ba. Tururinshi ya fi iska nauyi, shina bin ƙasa kamar ruwa, ya ratsa ƙarƙashin ƙofa har shi iske murhu ko fitilar ƙwai. Lokacin zafi, Maris zuwa Mayu, abin ya fi muni. Gidajen Sabon Gari kuwa manne suke da juna, ga rumfunan kara, ga harawa bisa rufi. Ajiye mai don sayarwa aikin wurin da anka ba izini ne. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, amma motar ba ta shiga lungun da anka cushe da tebura.

Na biyu ya shafi aikina kai tsaye, shi ne maganin ƙwari. Masu lambu na Jiratawa da na bakin gulbi suna bukatar shi, shi ya sa wasu ke sarin shi su ajiye gida su dinga saidawa kaɗan-kaɗan. Na ga piya-piya an ɗura cikin kwalbar lemo, ba suna, ba komi, tana ajiye kusa da tulun ruwa. Na ga ƙwayar nan da ake sa wa wake cikin buhu, an ajiye buhunnan cikin ɗakin kwana. Ƙwayar in ta sha iska mai laima, guba take fiddawa wadda ke kashe ƙwaro, tana kuma kashe yaro da ke barci ƙasa. Dokar kare tsirrai mai lamba 2015-35 ta shekarar 2015 ta ce sai mai takardar yarda ke cinikin maganin ƙwari. Kuma maganin sai wanda kwamitin ƙasashen Sahel na CILSS ya amince da shi. Shagon magani daban yake da wurin kwana, daban da wurin abinci, da taga mai shan iska, da kwaɗo. Wanda ke ajiyar wake don shi jira tsada, ga buhu mai ciki uku da ake kira PICS, wanda masu binciken INRAN na nan Maraɗi sunka yi aiki kanshi. In an ɗaure kowane ciki da kyau, iska ta ƙare wa ƙwaro, ba a bukatar ko ƙwaya guda.

Bakin ƙofa ba naka ba ne

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Iyakar gidanka ita ce bornin da anka kafa. Daga nan zuwa titi na jama'a ne, ko da kai kake sharewa kullum. Rumfa, ko kiyos, ko tebur da ka fidda waje, bisa filin gari suke. Ma'aikatar magajin gari kan ba da izinin zama nan, kan kuma karɓi kuɗin wuri. Amma izinin aro ne. Ranar da za a faɗaɗa titi ko a gina magudana, sai ka tashi, ba diyya. Mutanen Yamai sun gani cikin 2016, sa'ad da anka rushe kiyos masu yawa bakin manyan tituna. Kada ka zuba siminti da bulo ga wurin da ba ka da takardarshi. Rumfar da ake iya kwancewa ta fi.

Magudanar ruwa kuma ba bola ba ce. Mai abincin saidawa, mai wanki da guga, mai rini, kowa shi haƙa ramin ruwan datti cikin gidanshi. Dokar tsabta ta 1993 ta hana zuba shi titi, sabuwar dokar lafiya da tsabta ta 2022 ba ta sassauta ba. Ba mu manta da amai da gudawa na 2018 ba, wanda ya faro daga gundumar Madarunfa ya shigo gari. Ba mu manta da ruwan ƙarshen watan Agusta 2024 ba, da ya rushe gidaje ya ci rayuka cikin Maraɗi. Magudanar da anka cika da leda da toka ba ta ɗaukar ruwa irin wannan. Ma'aikatan tsabta na da ikon shiga su duba wurin da ake dafa abincin saidawa, su rubuta tara.

Turkar rago biyu ko uku don Layya, ko jar akuya cikin gida, ba laifi. Laifin shi ne sakin su titi. Wadda anka kama sai an biya kafin a sake ta.

Ɗan haya da haraji

In gidan na haya ne, ka faɗa wa mai gida sana'ar da za ka yi tun kafin ka shiga, ku rubuta. Ɗakin da anka ba ka don kwana, in ka maida shi shago ba da yardarshi ba, shina da hujjar fidda ka. Amma in tun farko hayar ta sana'a ce, dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke cikinta, na kare ka: wanda ya shekara biyu shina sana'arshi bisa sharaɗi na da haƙƙin neman a sabunta mishi haya. Dokar nan, tun gyaran da anka yi mata cikin 2010, ta buɗe wa ƙananan masu sana'a hanya mai sauƙi, su sanar da sunansu da aikinsu ga rajistar kasuwanci ba tare da kafa kamfani ba. Ofishin ƴan kasuwa na Maraɗi, wato Chambre de Commerce, na bayani kan wannan.

Haraji kuwa, wanda mutane ke kira fatanti, ba shi ne izini ba. Mutum na iya biyan fatanti shekara biyar, a zo a rufe injinshi don ba shi da takardar kafa shi. Kowace da ofishin da ke ba da ita. Duk abin da ka biya, ko dala ɗari ce, ka karɓi rasit mai hatimi. Wanda ya ƙi ba ka rasit, kuɗin ba aljihun gari za su ba.

Ku na ƙauye

Ga ƙauyukan Jiratawa da na Tsibiri inda ba a yi lotisma ba, dokar karkara ta 1993 ce ke aiki. Maganar fili na hannun mai gari da kwamitin ƙasa da ake kira Kofo. Su ke ba da takardar shaidar gado, ta saye, ta aro ko ta jingina. Wanda za shi kafa inji ko shago bisa filin da anka ara mishi, shi nemi takardar tun mai filin na da rai, gaban shaidu. Burtali, da makiyaya, da bakin rijiyar gari ba a gini kansu, ko wa ya ce ya ba ka. Dokar wuraren aiki masu hatsari da ta maganin ƙwari kuwa ba su tsaya ga birni kaɗai ba, har ƙauye suna aiki.

Wanda gonarshi ke bakin gari, shi riƙe takardar Kofo da kyau. Ranar da lotisma ta iso, da ita za shi nuna cewa gonar tashi ce. Mai tambaya bisa shagon magani ko buhun PICS shi zo ma'aikatar gona ta kwamin ɗinshi, shi taho da kwalbar ko takardar da ke jikinta, mu karanta tare.