Wace Kwamfuta Za A Saya Wa Sabon Ɗalibin Injiniya?

Da zarar sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu sun fito, akwai wata shawara da ake zama a kanta a zaurukan Dutsin-Ma da Kurfi, wadda iyayenmu ba su san ta ba a zamaninsu. Yaro ya samu fannin injiniya, ko a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, ko a Kwalejin Hassan Usman da ke Katsina, ko can Zariya ko Kano. An haɗa kuɗin rajista da ƙyar da jiɓin goshi, sai ga shi ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, an ce fa sai da sistam." Daga nan uba zai fara lissafin ragon da zai kai kasuwar Laraba, ko buhunan masarar da zai fitar tun farashi bai tashi ba. Masu ba da shawara kuwa kashi biyu ne. Wasu su ce a sayi ƙatuwa mai katin girafik, irin ta masu wasan gem, don ita ce ta injiniyoyi. Wasu su ce a sayi siririya wadda ba ta fi littafin rubutu kauri ba, don yaro kada ya wahala da ɗauka. A ganina, ga ɗalibin da zai yi karatu a wannan yankin, duka shawarwarin biyu asarar kuɗi ne, kuma abin da ya dace yana tsakaninsu.

Mu fara da abin da ake nufi da nauyi, domin a nan ake yin kuskuren farko. Mai saye yakan ɗaga kwamfuta a shago da hannu ɗaya, ya jinjina, ya yanke hukunci. Amma abin da ɗalibi zai goya daga ɗakin hayarsa a cikin gari zuwa mazaunin jami'a na dindindin da ke kan hanyar Ƙanƙara ya haɗa da caja, da littattafai, da kalkuleta, da gorar ruwa, a kan acaɓa ko cikin bas ɗin da aka cika maƙil. Kwamfutar gem takan kai kilo biyu da rabi, cajarta kuma tubali ce mai zaman kanta, mai jan wat 180 zuwa 230, wadda ke ƙara fiye da rabin kilo. Ba kuma za a iya barin cajar a gida ba, saboda batirin irin wannan kwamfuta, in ana aiki sosai, da wuya ya wuce awa biyu. Ita kuwa kwamfutar ofis mai allon inci 14 nauyinta kilo ɗaya da rabi ne ko kusa da haka, cajarta wat 45 ko 65 ce da za ta shige aljihun jaka, kuma in batirinta na da lafiya za ta iya raka ɗalibi tun daga lakcar safe har bayan Azahar. A garin da wuta ke zuwa lokacin da ta ga dama, wannan bambancin ya fi na sikeli muhimmanci nesa ba kusa ba. Wanda ya manta, ya tuna watan Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. A irin waɗannan kwanaki, ɗalibin da kwamfutarsa ke shan wuta kaɗan zai iya cika ta a shagon caji, ko da ƙaramar sola, ko ma da fawa banki mai ƙarfi in tana karɓar caji ta kafar USB-C. Mai ƙatuwa kuwa sai ya nemi inda aka ta da inji, ya zauna gadin soket.

To, me ya hana a sayi mafi sirantar duka? Abin da ya hana shi ne yadda ake ƙera su. Don a rage kauri, kamfanoni sukan liƙe ram a jikin babban allon da ke cikin kwamfutar da dalma, ta yadda abin da ka saya da shi, da shi za ka gama. MacBook Air haka take, ThinkPad X1 Carbon ma haka. Karatun injiniya a jami'a shekara biyar ne, kuma ram mai gigabait 8 da ya wadatar a aji ɗaya zai fara nishi a aji uku. Kamfanin da ke yin manhajar MATLAB da kansa gigabait 8 ya ajiye a matsayin mafi ƙaranci, ya ba da shawarar 16. Sannan ga zafi. Siririyar kwamfuta fankarta ƙarama ce, hanyar iskarta matsattsiya, mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafin Katsina kan haura digiri 40, da hunturu kuma ƙura ce ke shiga ko'ina har cikin kwanon abinci. In ƙura ta toshe fanka, injin zai rage gudu da kansa don kada ya ƙone, batir kuma babu abin da ke tsufar da shi da wuri kamar zafi. Kwamfutar da mai gyara zai kwance da sukundireba, ya hure ƙurar, ya mayar cikin rabin awa, ta fi wadda sai an ɓamɓare ta da dabara.

Game da MacBook akwai ƙarin magana, domin ita ce ke ɗaukar hankalin samari, kuma gaskiya batirinta abin yabo ne. Matsalar ita ce manhajojin da malamai ke koyarwa da su. SolidWorks da 'yan kanikanci ke zana sassan inji da ita, Revit ta masu gine-gine, Proteus da 'yan lantarki ke gwada da'irarsu kafin su taɓa waya, duk a kan Windows aka gina su. Akwai hanyoyin zagaye, amma ɗalibin da bai gama gane darasin ba bai kamata a ɗora masa yaƙi da na'urarsa ba, alhali duk 'yan ajinsu suna miƙa wa juna fayil a filasha suna wucewa.

Abin da ya rage a tsakiya shi ne kwamfutocin da aka ƙera don ma'aikatan ofis, waɗanda kamfanonin Turai da Amurka ke sauyawa bayan 'yan shekaru, su biyo jirgi su sauka Ikeja, daga nan su iso Beirut Road a Kano da shagunan Katsina. HP EliteBook 840 G5 da G6, Dell Latitude 5490, Lenovo ThinkPad T480: duk 'yan inci 14 ne, duk suna da gurbin ram biyu da za a iya ƙarawa, kuma kayan gyaransu sun cika kasuwa saboda yawan waɗanda aka shigo da su. T480 ma batir biyu gare ta, ɗaya a ciki, ɗaya a waje da ake zarewa da hannu a sauya. Wannan yalwar kayan gyara ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke zaune a Kurfi. In allo ya fashe ko kibod ya mutu ana saura mako biyu jarrabawa, abin tambaya shi ne ko za a samu madadinsa a Katsina yau, ko sai an yi odarsa daga Legas an zauna jira.

Sai dai a cikin na hannun ma akwai tarko, kuma sunansa sitika. Mai shago zai nuna ɗan tambarin da ke gefen kibod ya ce, "Alhaji, wannan Core i7 ce," uba kuma ya ji bakwai ta fi biyar, ya ƙara kuɗi. Lambar da ke da amfani tana bayan wannan. In aka shiga bayanan kwamfutar za a ga rubutu kamar i5-8350U. Lambar farko bayan ɗan layin, wato 8, ita ke nuna zubin injin, abin da 'yan kasuwa ke kira janareshan. In lambobin sun fara da 10 ko 11 ko 12, to zubi na goma ne zuwa sama. Yawancin i7 na ƙananan kwamfutoci daga zubi na bakwai zuwa ƙasa ƙwaƙwalwa biyu gare su, alhali i5 ta zubi na takwas huɗu gare ta, don haka ƙaramar a suna ta fi babbar aiki. Akwai kuma dalili na biyu da ya sa takwas ta zama iyaka. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa a hukumance daga zubi na takwas na Intel take farawa, in ban da 'yan ƙalilan. Wanda ya sayi zubi na shida a yau don ya rage 'yan dubbai, ya saya wa ɗansa abin da sababbin manhajoji za su riƙa juya wa baya tun bai kai rabin karatu ba. Haka nan ma'ajiyar bayanai: a tabbatar SSD ce, ko da mai gigabait 256 ce, domin tsohon faifai mai juyawa ga shi da nawa, ga shi ba ya jure girgizar acaɓa.

Babbar hujjar masu son ƙatuwa ita ce katin girafik, kuma ba za a ce ba su da gaskiya ko kaɗan ba. Akwai aikin da ke buƙatarsa: haɗa inji mai ɗaruruwan sassa a SolidWorks, ko fitar da hoton gini mai kama da na gaske. Amma a dubi tsarin karatun. Aji ɗaya lissafi ne da fiziks da kemistiri, aikin kwamfuta bai wuce karanta handawut da buga rahoton ɗakin gwaji ba. A aji biyu ake shiga zanen injiniya, wanda a makarantu da yawa har yanzu da allo da fensir ake fara shi, sai AutoCAD na shimfiɗaɗɗen zane da ɗan rubutun manhaja, waɗanda girafik ɗin da ke cikin injin kansa ya ishe su. Aiki mai nauyi, ga wanda ma zai gamu da shi, yakan zo ne a aji huɗu, ko a furojet na aji biyar. Wato za a sa yaro ya yi shekara uku yana dakon kilo uku yana farautar soket, saboda aikin da in ya zo, batirin ya riga ya mutu, katin kuma ya tsufa. Ya fi sauƙi a ajiye bambancin kuɗin. In furojet ya buƙaci babbar na'ura, a lokacin ɗalibi ya san ainihin abin da yake nema, yana iya sayar da tasa ya cika, ko ya yi wannan ɓangaren a ɗakin kwamfutar sashensu.

Wasu iyayen kuma tsoron na hannu suke, suna cewa gara sabuwa dal a kwali ko da ƙarama ce. Tsoron yana da tushe, amma a lura da abin da kuɗin ke saye. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma kowace kwamfuta da dala ake shigo da ita. Sabuwar da kuɗin talaka ke kaiwa gare ta yawanci mai injin Celeron ce da ram gigabait 4 da jikin roba, wadda AutoCAD za ta durƙusar. Lamunin NELFUND da ke ba ɗalibi naira 20,000 a wata na abinci da sabulu ne, ba zai sayi wata ba in wannan ta gaza. Maganin tsoron shi ne a duba da kyau kafin a biya. Windows na da umarnin da ke fitar da rahoton batir, ana rubuta powercfg /batteryreport, sai ya nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda ya rage masa. In ya faɗi ƙasa da kashi 70 cikin ɗari, a nemi a sauya batir ko a rage kuɗi. A shiga BIOS a tabbatar babu makullin tsohon kamfanin da ya yi amfani da ita. A buɗe allon a rufe sau da yawa a ji ko maƙalarsa ta saki, a danna kowane harafi, a gwada kowace kafa da filasha, a bar ta tana aiki minti ashirin a taɓa ƙasanta. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kwamfutar da adadin kwanakin garanti a rubuce, domin kayan sata ma suna yawo a kasuwa, kuma rasit ne zai fitar da yaro in magana ta taso. Mai shagon da ya ƙi a yi waɗannan gwaje-gwaje, a yi masa sallama a shiga na gaba.

Akwai masu cewa a bari sai aji biyu tukuna, waya ta isa. In babu hali, wannan ba laifi ba ne, kuma ya fi a ci bashi a sayi tarkace. Amma in da hali, shekarar farko ce lokacin da ɗalibi ke da sararin koyon buga rubutu da sauri, da Excel, da Python, ga shi kamfanin Autodesk na ba ɗalibai lasisin AutoCAD kyauta na shekara guda da ake sabuntawa. Wanda ya shiga aji biyu hannunsa ya riga ya faɗa, ya yi wa 'yan ajinsu nisa.

Don haka, Alhaji, in ranar sayen ta zo, kada ka tafi kai kaɗai, kada kuma ka tura yaron shi kaɗai. Ku nemi ɗalibin aji huɗu ko biyar na sashen da zai shiga ya raka ku. Ku nemi mai inci 14, Core i5 zubi na takwas zuwa sama, ram 16 ko 8 mai gurbin ƙari, SSD, da batir mai lafiya da cajarta ta asali. Abin da ya saura a hannu, a sayi jaka mai katifa a ciki da soket mai kare na'ura daga haukan wutar janareto.